Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kakakin Majalisar Wakilai, Iyan Zazzau: Baƙi Sun Zuba Nasu, Ina Kason Najeriya?

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, mai girma Kakakin Majalisar Wakilai, Dakta Tajudeen Abbas, Iyan Zazzau. Ina gaisuwa, Allah ya taya ka riƙo, ya sa a gama lafiya. Sauran gaisuwar sai ranar hawan sallah, idan dogarai da 'yan sandanka sun bar talaka ya matso.

Maganata ɗaya ce. Duk lokacin da Najeriya ta sa hannu a wani aikin kimiyya na haɗin gwiwa da ƙasashen waje, akwai kason kuɗin da take ɗaukar alkawarin zubawa, akwai kuma nauyin ci gaba da kula da aikin bayan baƙi sun tattara komatsansu sun koma gida. Wannan kaso shi ne ba ya fita a kan lokaci, wannan nauyi kuma shi ne ba a san wuyan wanda yake rataye ba. Alƙalamin da ke rubuta kasafin kuɗin ƙasar nan a zaurenka yake kwana, shi ya sa ban kai kukana wurin minista ba.

Kada wani hadiminka ya yi saurin tuna maka cewa Samaru, inda misalina na farko yake, a ƙaramar hukumar Sabon Gari take, wato ba mazaɓarka ba ce a takardar hukumar zaɓe. Na sani. Sarautar Iya dai ba ta tsaya a Kofar Doka ba, kujerar Kakaki kuwa ta ƙasa ce baki ɗaya. Kuma a Jami'ar Ahmadu Bello ka karanci harkokin gudanarwa, saboda haka abin da zan faɗa fanninka ne tsantsa. Ba zan nemi ka warware lissafin nukiliya ba.

Da yawa daga cikin masu wucewa ta hanyar Sakkwato kullum ba su san cewa na'urar nukiliya ɗaya tilo da Najeriya ta mallaka a nan gefensu take ba, a Cibiyar Bincike da Horarwa Kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ake kira CERT. Sunanta NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin ce, an same ta ta hannun Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, ta kuma fara aiki a 2004. Ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne, wanda ko unguwar Hayin Dogo ba zai haska ba, don dama ba a yi ta domin ba da wuta ba. Aikinta bincike da koyarwa. A ɗebo ɗan samfurin ƙasa, ko dutse, ko hatsi, ko maganin gargajiya, a tura shi cikin na'urar ya sha feshin wasu 'yan mitsitsin ƙwayoyi da ake kira niyutiron na ɗan lokaci, a fito da shi a auna hasken da yake fitarwa wanda ido ba ya gani, wato radiyeshan. Kowane sinadari da irin nasa hasken, don haka ana iya gane ko akwai zinare a dutsen, ko akwai guba irin asenik a abincin, ko da kuwa ɗan mitsitsi ne da ido ko ma'auni ba zai kama ba.

Matsalarta ta asali ita ce makamashin da aka zuba mata tun daga Sin: yuraniyom da aka tace zuwa kusan kashi 90 cikin 100, irin wanda ake haɗa bam da shi. Bai fi kilo ɗaya da 'yan kai ba, bai isa bam ba shi kaɗai, amma a ƙasar da Boko Haram ta tayar da bam a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Abuja a 2011, ko ɗan wannan ya isa ya hana duniya barci. Shugabanninmu sun halarci tarukan tsaron nukiliya da aka fara a Washington a 2010, aka rufe da na 2016 wanda marigayi Buhari ya je, kuma Najeriya ta amince za a sauya makamashin.

A ƙarshen 2018 aka yi aikin. Ka tuna lokacin, ranka ya daɗe. Watan Oktoba ne, rikicin Kasuwan Magani ya ci rayuka, an sa dokar hana fita a Kaduna. A cikin wannan hali ƙwararru daga Amurka, da Sin, da Birtaniya, da Norwe, da ma'aikatan kamfanoni daga Rasha da Jamhuriyar Cek suka taru a Samaru tare da namu masana. Tun kafin nan an kai ma'aikatanmu Ghana sun yi atisaye, domin Ghana tana da irin wannan na'ura kuma ta riga ta sauya tata a 2017. Aka zare tsohon makamashin, aka sa sabo wanda aka tace zuwa kashi 13 kacal, wanda ba shi da amfani ga mai neman makami. A watan Disamba aka ɗora tsohon a katafaren jirgin dakon kaya daga Kaduna zuwa Sin. Da wannan, babu sauran na'urar bincike a nahiyar Afirka da ke aiki da yuraniyom irin na makamai. Tamu ce ta ƙarshe.

Dubi waɗanda suka zauna a teburi ɗaya. Amurka da Sin a daidai shekarar da suke jifan juna da harajin kaya. Birtaniya da Rasha watanni kaɗan bayan rikicin gubar Salisbury, inda Birtaniya ta zargi Rasha da sa wa wani tsohon ɗan leƙen asiri guba. Duk suka ajiye gabarsu a bakin ƙofa suka yi aiki a ƙasar Zazzau, kuma yaranmu, waɗanda wasunsu a Kwangila suke hawa a-daidaita-sahu su je aiki, ba su ba mu kunya ba. In ana neman misalin kimiyyar da ta yi wa zaman lafiya aiki, ba sai an je Turai ba.

To amma me ya sa aikin ya tafi daidai? A nan ne hankalina ba ya kwanciya. Ya tafi daidai ne domin akwai ranar da aka tsayar, akwai mutum guda da ke riƙe da jadawali, kuma kuɗin jigila da na kayan aiki ba su biyo ta layin sakin kuɗi na Abuja ba. Amurka da abokanta ne suka ɗauki babban nauyin, saboda tsoron da suke ji nasu ne. Da a ce sai an jira takardar izinin sakin kuɗi ta zagaya ofisoshi kafin a yi hayar wancan jirgi, Allah kaɗai ya san shekarar da za ta kai mu.

Ga yadda irin waɗannan ayyuka suke tafiya, ga mai karatun da bai saba da su ba. Babu wata hukumar duniya da ke ba da komai kyauta ɗari bisa ɗari. Ita IAEA, alal misali, ƙasar da ba ta cikin jerin mafiya talauci, kamar Najeriya, tana biyan kashi 5 cikin 100 na kuɗin ayyukan da ake yi mata, kuma sai an biya aƙalla rabin wannan kafin a buɗe aikin. Kashi 95 na jira a Viyana, hedikwatar IAEA, kashi 5 na jiran sa hannu a Abuja. Sauran masu ba da tallafi kowa da nasa sharaɗin: wani zai kawo na'ura ya ce ku gina mata ɗaki, wani zai horar da mutane ya ce ku biya albashinsu ku riƙe su, wani zai biya shekara uku ya ce daga nan ku ɗora. Mu kuwa mun zama ɗan adashin da ke zuwa da wuri ranar kwasa, ranar zubi a neme shi a rasa.

Kuma ba wai ba a rubuta kuɗin a kasafi ba ne kullum. Sau da yawa ana rubutawa, sai dai a cusa shi cikin ayyukan raya ƙasa na wata ma'aikata, inda zai yi layi tare da kwalbati da fitilun kan titi. Kai ka fi ni sanin yadda wannan layi yake tafiya, tunda majalisar da kake shugabanta ce ta tsawaita wa'adin ayyukan kasafin 2024 har sau biyu, zuwa ƙarshen 2025, saboda kuɗin ba su fita ba. Titi yana iya jiran wata goma sha takwas, mutane su yi ta zagi suna kewayewa. Aikin bincike na haɗin gwiwa ba ya jira. Yana da ranar buɗewa da ranar rufewa, abokan aikin a wasu ƙasashe suna da nasu masu binciken kuɗi a kansu, kuma abin da ba a kashe ba a wa'adinsa komawa yake yi inda ya fito, ko a karkata shi zuwa ƙasar da ta shirya.

Sannan ga Naira. Alkawarin da dala ko yuro ake yin sa, kasafin kuma da Naira. Wanda aka rubuta wa kasonsa a farkon 2023, lokacin da dala take wajen Naira 460 a farashin gwamnati, idan kuɗin bai fito ba sai a farkon 2024 da ta haura 1,500, to abin da ya karɓa bai kai sulusin abin da aka yi alkawari ba. A takarda an biya shi cif. A Viyana ko Brasels ta Tarayyar Turai kuwa har yanzu mai bashi ne.

In kana ganin wannan kukan malaman jami'a ne da ba su taɓa ƙoshi ba, bari in kai ka Bagega. A 2010 aka gano gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, sakamakon niƙa duwatsun zinare a tsakar gida. Yara sama da 400 suka rasu. Ƙungiyar likitocin Na-gari Na-kowa, MSF, ta zo, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta zo, ƙwararrun tsabtace muhalli suka zo da na'urorin auna ƙasa. Aka kankare ƙasar gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, aka yi wa yara magani. Bagega, wadda ta fi su girma, sai ta tsaya cak. Dalili kuwa a fili yake: likita ba zai fara wanke dalma daga jinin yaro ba alhali yaron zai koma ya yi rarrafe a kan ƙasar da ta sa masa ita, kuma kankare ƙasar Bagega yana jiran kuɗin gwamnatin tarayya. An yi alkawarin Naira miliyan 850 a 2012. Likitoci na nan da maganinsu a hannu, kimanin yara 1,500 na jira, ba a saki kuɗin ba sai a farkon 2013, bayan matasa sun tayar da ƙura a intanet har ta kai kunnen fadar shugaban ƙasa. Kana majalisa a lokacin, ranka ya daɗe, a zangonka na farko. Masana sun kammala nasu, baƙi sun kammala nasu, kason Najeriya ne ya makara, kuma ƙwaƙwalwar yaron da dalma ta taɓa ba ta komawa yadda take.

A 2017 kuma ministar kuɗi ta lokacin, Kemi Adeosun, ta fito ta shaida wa duniya cewa Najeriya mamba ce a ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa 310, ana binta bashin kuɗin zama mamba sama da dala miliyan 100, don haka za ta fice daga 90 a cikinsu. Ban ga laifin ficewa daga inda ba mu da amfani ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka tara 310 ɗin tun farko: kowane jami'i ya je taro ya sa hannu, a ɗauki hoto, ya karɓi alawus ɗin tafiya, bashin kuma ya bar wa wanda zai gaje shi.

Na yi shekarun aikina a ɗakin gwaje-gwaje na wata cibiyar tarayya da ba zan kira sunanta ba, har na yi ritaya. Na ga na'urar da aka kawo mana kyauta, mai tsadar da ba mu taɓa mafarkin saye ba, aka yanka zare, aka yi jawabi. Irin waɗannan na'urori masu auna radiyeshan sai an riƙa sanyaya su da ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma ruwan ƙafewa yake yi ko ana aiki ko ba a yi. Yarjejeniyar ta ce sayen ruwan namu ne. Muka rubuta, muka sake rubutawa, wani lokaci muka yi karo-karo daga aljihunmu. Daga baya wani ɗan ƙaramin sashe ya ƙone saboda wasan da wutar lantarki take yi, aka rufa mata leda. Yaron da aka tura waje ya koyo sarrafa ta ya yi haƙuri iya haƙuri, ranar da ya zo yi mini sallama ban iya ce masa ya zauna ba. Lokacin da baƙin suka dawo duba aiki, mu aka tura mu tarbe su. Wanda ya riƙe takardar kuɗin bai zo ba, kuma har gobe babu wanda ya tambaye shi.

Wataƙila ka ce ina ruwan wannan da tsaro, alhali 'yan bindiga sun hana noma a Giwa da Birnin Gwari, sun shiga har kwalejin Nuhu Bamalli a 2021 sun kwashi malamai da ɗalibai. Akwai ruwansa. Ƙasar nan cike take da ƙananan kayayyaki masu radiyeshan: a rijiyoyin mai, a asibitocin da ke gasa cutar daji, a kamfanonin da ke duba walda da ingancin titi. Kowanne sai an san inda yake, an san ranar da ya tsufa, an san inda za a adana shi. A ƙarshen 2002 an sace irin wannan kaya daga motar wani kamfanin hidimar mai a yankin Neja Delta, ba a gan shi ba sai a Jamus, cikin tarin tsofaffin ƙarafa. A garin Goiânia na Barazil, a 1987, wasu masu tsintar ƙarfe suka shiga wani asibiti da aka yi watsi da shi suka ɓalle kan na'urar gasa daji, suka sayar wa mai gwangwan. Hodar da ke ciki tana ƙyalli shuɗi da dare, har mutane suka riƙa shafawa a jiki suna nuna wa 'yan uwa. Mutum 4 suka mutu, ciki da yarinya 'yar shekara 6, kusan 250 suka gurɓata, aka rushe gidaje.

Yanzu ka tuna yawan 'yan jari-bolan da ke tura kura a Tudun Wada da Sabon Gari da Muciya, ka tuna tirelolin ƙarafa da ke tashi daga Arewa zuwa kamfanonin narka ƙarfe. Yaran nan namu ne, neman halak suke yi, kuma babu wanda ya taɓa nuna musu alamar nan mai kunnuwa uku da ke nufin a guje. Masu iya gano irin wannan kaya, su horar da jami'an kwastan da 'yan sanda da masu kashe gobara, su ne waɗannan masana da muke bari suna ficewa ɗaya bayan ɗaya, kuma na'urorin da za su yi aikin da su su ne waɗanda muke rufa wa leda.

Alkawura kam ba mu da talaucinsu. A Legas aka zauna a 1980, shugabannin Afirka suka amince kowace ƙasa ta riƙa ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa domin kimiyya da fasaha. Mu muka karɓi baƙuncin taron, shirin ma sunan Legas yake ɗauke da shi, kuma yau shekara 40 da ɗoriya ko kusa ba mu je ba. An kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya da doka a 1976, ba ta fara aiki sosai ba sai 2006. Shekara 30 tana barci a cikin kundi. Da ta farka aka zana mana taswira a 2007: megawat 1,000 na lantarkin nukiliya nan da 2017, megawat 4,000 nan da 2027. An zaɓi Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom. Da 2017 ɗin ta zo, maimakon wuta sai aka sake sa hannu a wata yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha. To ga 2027 nan a bakin ƙofa, ranka ya daɗe. In an kunna megawat 4,000 ɗin a taimaka a jawo mana reshe zuwa Samaru, don tun da aka mayar da kuɗin wutar rukunin A Naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024 jami'o'i suke kashe fitilu da rana tsaka.

Ba na so in tayar da maganar motocin da aka saya wa 'yan majalisa 360 a 2023, waɗanda aka ce kowace ta haura Naira miliyan 100. An ce na aikin sa ido ne, kuma hanyoyinmu ba su da kyau. Na yarda. Ina dai roƙon a sa ɗaya daga cikinsu a hanya ta zo ta sa ido a ɗakunan gwaje-gwaje. Kuɗin guda ɗaya zai sayi ruwan naitirojin da zai daɗe ana amfani da shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mun taɓa zama ƙasar da ake jin maganarta a wannan fage. Faransa ta fara gwajin bam ɗin nukiliya a Reggane, cikin saharar Aljeriya, a watan Fabrairun 1960, inda iskar hunturu ke tasowa ta sauka a kanmu. Da ta ƙi dainawa, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda ke da wata uku da 'yan kwanaki kacal da samun 'yanci, ta sallami jakadanta a Janairun 1961. Najeriya ta shiga IAEA a 1964, tana cikin na farko-farkon da suka sa hannu a yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya a 1968, tana kuma cikin yarjejeniyar Pelindaba da ta haramta su a Afirka. Mai irin wannan tarihi bai kamata a riƙa aiko masa da takardar tunin bashi ba.

Don Allah, Iya, ka dubi wannan lamari da idon ɗan gida. Ba kuɗi mai yawa ba ne idan aka gwada shi da kasafin da ya haura Naira tiriliyan 54 a 2025. Kuma ba sabon abu nake nema a ƙirƙiro ba. A Jodan akwai cibiyar binciken kimiyya mai suna SESAME da aka buɗe a 2017, inda Iran da Isra'ila da Falasɗinu da Turkiyya da Pakistan da Masar suke mambobi a ƙarƙashin rufi ɗaya. Da kuɗin wuta ya nemi durƙusar da ita, sai aka gina mata tashar hasken rana. Masu gaba irin wannan sun iya riƙe ɗakin gwaji tare, mu da ba mu da abokin faɗa a cikin lamarin sai kanmu me zai hana?

Abin da nake nema a hannunka yake. A ware wa kason Najeriya na ayyukan kimiyya na haɗin gwiwa layinsa daban a kasafi, a cire shi daga cikin kwalbatoci, a lissafa shi da kuɗin da aka yi alkawarin da shi, a kuma sake shi a farkon shekara kai tsaye zuwa asusun aikin. Kowane aiki a rubuta sunansa da adadinsa da ranar da wa'adin biyansa zai cika, yadda ɗan jarida ko ɗalibi zai iya buɗe kundin ya gani. Majalisarka tana da kwamitin yarjejeniyoyi, kuma sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulki sun ba ku ikon kiran kowa ku tambaye shi. A kira ma'aikatun da abin ya shafa su kawo jerin duk ayyukan da muka sa wa hannu, da abin da muka biya, da abin da ake bin mu. Daga yau kuma duk jami'in da zai je ya sa hannu a sabon aiki, ya fara ajiye wa majalisa lissafin abin da kula da aikin zai ci na shekara 10 bayan tafiyar baƙi, da sunan ofishin da zai biya. In babu, ya zauna a gida.

Ka yi suna a majalisa ta 9 da yawan ƙudurorin da ka gabatar, har aka riƙa kafa misali da kai. Wannan guda ɗaya ne, kuma bai kai wasunsu wahala ba.

Akwai wasu ƙananan abubuwa. Gudanar da irin wannan aiki sana'a ce mai zaman kanta. Bai kamata farfesan da ya kamata ya kwana a ɗakin gwaji ya kwana yana cike fom ɗin sayen kaya da rahoton kuɗi ba, a horar da ma'aikatan da wannan ne aikinsu. Na ji daɗin umarnin da aka bayar a 2024 na cire tallafin bincike daga asusun bai-ɗaya na TSA, sai dai umarni wani umarnin ke soke shi, a mayar da shi doka. Kayan bincike da aka aiko kyauta su daina tsufa a tashar jiragen ruwa. Dokar da hukumar sa ido kan nukiliya, NNRA, take aiki da ita tun 1995 aka yi ta, zamanin soja, ya kamata a sake duba ta. Maganar albashin masana kuwa ka san ta, ka taɓa riƙe alli.

Kana zuwa gida akai-akai, muna ganin jerin gwanon motocinka. A zuwa na gaba, kafin a fara zaman kare kasafi, ka ware awa biyu ka shiga Samaru da Basawa da Shika ba tare da maroƙa da masu ɗaukar hoto ba. Kada ka tsaya a ofishin shugabanni. Ka nemi masu riƙe da makullan ɗakunan gwaji, ka ce su nuna maka abin da ke aiki da abin da aka rufe, ka tambaye su nawa ne zai tayar da shi da kuma teburin da takardarsa ta kwana. Ka tafi da shugaban kwamitin kasafi, ya zo da biro.

Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje,
Zariya.